Wa ya san garin Winneba na ƙasar Gana? Ina neman shawara kafin in tafi

Mai_Zane_Zariya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman wanda ya san garin Winneba da ke bakin teku a Gana, sani na wanda ya zauna ba na wanda ya wuce a mota ba. Allah Ya sa na samu admishan a jami'ar horar da malamai da ke garin, zan yi digiri na biyu a ɓangaren zane da koyar da shi, kuma gsky ni ban taɓa ko ganin teku da idona ba balle zama kusa da shi.

Matsalar ita ce Hajiyarmu. Ƙanwata ta ɗauko wani bidiyo a Facebook ta nuna mata, wasu ƙarti sun shafa farar ƙasa da ja a jiki sun saɓo wata dabba a kafaɗa ana ta ihu ana kiɗa, aka rubuta wai Winneba ne, shikenan tun ranar Hajiya ta ce ita fa ba za ta kai ɗanta garin matsafa ba, in karatu ne ai akwai a nan gida. Na yi bayani na yi bayani ta ƙi, tace sai na kawo mata wanda ya zauna can ya faɗa mata da bakinsa.

To abin da nake so in sani: akwai zango? masallacin Juma'a fa? abinci mutum zai iya ci? sannan wannan biki na dabba mene ne asalinsa, dole ne baƙo ya shiga? Sai kuma tambayata ta kaina wadda ba ruwan Hajiya, tunda zane ne sana'ata, ƙaramin gari irin wannan akwai abin da mai zane zai gani ya ƙaru ko dai aji da ɗaki kawai mutum zai yi ta yi har ya gama? Na gode, Allah Ya bar zumunci.

Ɗan_Nima

Wa alaikumus salam ɗan uwa, barka da arziki, Allah Ya sa a fara a sa'a. Ni haifaffen unguwar Nima ne a Ankara, babban birnin Gana, kuma a wannan jami'ar na yi karatu, so kwantar da hankalinka ka kuma kwantar wa Hajiya nata.

Akwai zango, akwai masallatai, ana Juma'a ana Idi, a cikin makaranta ma akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta ƙasar Gana wato GMSA, su za ka fara nema ranar da ka sauka. A zango Hausa za ka ji ana yi, irin tamu ta Gana dai, za ka yi dariya sati na farko daga baya kai ma ka koma yin ta. Abinci kuwa da safe akwai koko da ƙosai, akwai wake da shinkafa, akwai tuwo, da yamma masu tsire na nan, kuma yawanci mahautan garuruwan kudancin Gana mutanenmu ne so maganar yanka ba damuwa. Abin da zai dame ka bai wuce kifi ba, in ba ka cin kifi to ka fara koya tun daga Zariya, domin dokunu, wato curin ƙullun masara da ake dafawa a ganye, da soyayyen kifi da yaji shi ne abincin garin safe da dare.

Hanya: in ka iso Ankara ka je tashar Kaneshi ka hau motar Winneba, wajen kilomita 60 ne yamma da Ankara a kan titin Cape Coast, amma go-sulo na Kasoa kaɗai zai iya cinye maka awa guda in ka fita a mugun lokaci. A Winneba Junction ake karya kwana a gangara cikin gari.

Yanzu bidiyon da ya tayar wa Hajiya hankali. Sunan bikin Aboakyer, Asabar ta farko a watan Mayu ake yinsa. Mutanen garin Efutu ne, su da kansu Simpa suke kiran garin, suna da yarensu daban duk da kowa na jin Fanti. Mazan garin sun kasu runduna biyu da ake kira asafo, akwai Tuafo su ne lamba ɗaya masu shuɗi da fari, akwai Dentsefo lamba biyu masu ja da ruwan ɗorawa, kuma ba zaɓa ake yi ba, rundunar ubanka ita ce taka. A da su ne mayaƙan garin. Ranar bikin tun asuba kowace runduna za ta shiga dajin da ke bayan gari ta wajen tafkin Muni, ba bindiga ba wuƙa ba tarko, sai sanduna da hannu, su kamo mazo da ransa. Wadda ta fara kawowa filin taro ita ta ci shekarar. Za a ajiye shi a gaban sarki, Neenyi Ghartey VII, ya taka shi da ƙafa sau uku alamar an karɓa, daga nan a saɓa shi a zaga gari. Washegari Lahadi ake yanka wa gunkinsu Penkye Otu, sannan su yi wani duba nasu da suke cewa yana nuna musu ko shekarar ta kifi ce ko ta ruwa ko ta fitina. A tarihin da suke bayarwa da can mutum ake bayarwa daga gidan sarauta, suka roƙa aka mayar damisa, ita ma damisar ta riƙa cinye mutane wajen kamu fiye da mutum ɗayan da ake gudu, sai aka dawo kan mazo.

Ba zan yi maka ƙarya ba, tushen abin bautar gargajiya ce kuma su ma ba sa ɓoyewa. Amma ba mai tilasta maka komai. Kai baƙo ne, ko ka so shiga daji da su ma ba rundunarka. 'Yan zango da yawa ranar kasuwa ce a gurinsu kawai, garin cika yake maƙil da baƙi daga Ankara da Kumasi da 'yan garin da ke Turai da Amurka, mai tsire sai naman sa ya ƙare kafin la'asar.

Abin da na fi so ka lura da shi in ka je, ba kamun ba ne, shirin ne. Makonni kafin ranar za ka riƙa jin atisayen waƙa da ganga da ƙararrawa da dare daga unguwannin masunta, mata na ɗinka anko, ana gyara tutoci, kuma waƙoƙin duk habaici ne tsakanin rundunonin biyu, miji Tuafo mata 'yar gidan Dentsefo, a sati ɗin nan gidan sai a hankali. Kuma akwai shekarun da duka biyun suke dawowa hannu rabbana saboda daji ya ja baya, gidaje da gonaki da masu gawayi sun ci shi, duk da wajen yana cikin wuraren da aka keɓe a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi tun 1992. In aka dawo ba mazo za ka ga garin ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Abu_Sumayya

Salam. Ɗan uwa Mai Zane ina taya ka murna, amma ni ina bayan Hajiya ta wani ɓangaren. Malam Ɗan Nima da bakinsa ya ce dabbar nan gunki ake yanka wa, to me ya kai Musulmi tsayawa kallo? Yanka don wanin Allah ba ƙaramin abu ba ne, kuma taro da yawan 'yan kallo yake ƙarfi, in ka tsaya kai ma ka ƙara musu mutum ɗaya. Ban ce kar ka je karatu ba, neman ilimi ne kuma akwai Musulmi a garin, amma ranar ka zauna a ɗakinka ko ka shiga Ankara ka yi ziyara. Kuma wannan karatun zane naka ma ka kula da abin da hannunka zai riƙa zanawa, ka tambayi malamai. Sannan wata shawara, yankin nan na Fanti akwai 'yan Ahmadiyya sosai, tun 1921 suka kafa cibiya a Saltpond kuma taronsu na shekara a Pomadze suke yi dab da Winneba Junction, so in ka ga masallaci ka yi tambaya tukuna ka san inda kake shiga. Allah Ya tsare mana imaninmu.

Maman_Hanifa

Assalamu alaikum. Ƙanina ka ba Hajiya waya in yi mata magana mace da mace in ana so, ni aure ya kai ni zangon Winneba daga Tamale, a can na haifi yarana, ba abin da ya ci mu sai alheri. Maigidana tela ne shi ya sa zan ba ka labarin abin da Ɗan Nima ya tsallake, wanda kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai zane.

Ran 1 ga Janairu akwai bikin shigar dodanni da suke kira Kakamotobi, wasu su ce Fancy Dress. Wannan ba gunki a ciki ba yanka, wasa ne da gasa. Kusan kamar tashe ne amma na manya kuma da kuɗi ake yinsa ba wasa ba. Tun shekarun 1920 aka fara, asalinsa kwaikwayon Turawan da ke bakin teku ne, a sa fuskar waya a yi shigar likita ko nas ko matuƙin jirgi ko ɗan sanda ana tsokanarsu. Tsofaffin ƙungiyoyin huɗu ne, Nobles da Egyaa da Tumus da Red Cross, kowacce da lambarta ɗaya zuwa huɗu, kowacce da 'yan badujalarta masu busa ƙaho da ganguna. Ranar za su shigo fili bi da bi, a yi maci, a yi rawa mai sanyi, a yi hayilaif, a ƙare da mai zafi wadda ƙura ke tashi, alƙalai na zaune suna ba da maki, akwai masu tafiya a kan dogayen sanduna sun fi rufin kwano tsawo suna rawa a haka, ni har yau in na gani sai gabana ya faɗi.

Amma aikin yana wajen teloli. Tun wajen watan tara ake fara kawo yadi, satin da leshi da kyalli da gashin tsuntsu da madubai ƙanana, mutum ɗaya kayansa sai ya ci yadi kala shida bakwai an yanyanka an harhaɗa, ga hular da ake ɗaura wa waya da kwali ta yi tsawo. Kuma sirri ne! Kowace ƙungiya ɓoye zanenta take yi kada abokan gasa su gani su kwafa, maigidana in ya karɓi aikin wata ƙungiya to bayan shago yake kai keken, labule a sake, yaran shago an ja musu kunne. Kuma waɗanda ke biyan kuɗin nan ba masu kuɗi ba ne fa, masunci ne, direban tasi, makaniki, mai aski, yarinya mai sayar da ruwa, tara kuɗin suke a adashi duk shekara saboda kwana ɗaya. Na taɓa ce wa wata maƙwabciyata Bafanta wannan ai ɓarna ce, tace min to ku da kuke ɗinka kala uku da Sallah fa, na ja bakina na yi shiru.

Ƙungiyoyin nan kuma ba a rawa suka tsaya ba. In ɗan ƙungiya ya rasu su ne a gaba, in ya kwanta asibiti su ne masu karo-karo, yaro ya tashi a gidan 'yan Egyaa to shi ma Egyaa ne tun yana goye ana ɗinka masa nasa. Asafo ma haka, in kwale-kwale ya kife ko wani ya ɓata a ruwa su ake bugawa ganga su fito nema, aikin gayya na share gari ma su ne.

Sai bakin ruwa. Ka daure ka riƙa zuwa da sassafe lokacin da jirage ke dawowa. Kwale-kwalen daga gungumen icce ɗaya ake sassaƙa shi, iccen da suke kira wawa, daga daji ake kawowa a ƙarasa a bakin teku a ƙara masa katako, sannan mai fenti ya zo. Ba jirgi biyu masu kama ɗaya. Wani ayar Baibul ce a jiki, wani karin magana, wani tutar Chelsea ko Barcelona ko ta ƙasar da ɗansa ya tafi ci-rani, ga tauraro ga kifi ga hannu ga ido, kala kan kala. Masu fentin nan ba wanda ya shiga jami'a a cikinsu amma ka je ka ga yadda suke jan layi a jikin abu mai lanƙwasa ba ruler ba komai. Ranar Talata ba a shiga teku, al'adarsu ce, ranar ake ɗinkin taru da gyaran inji da fenti, so ita ce ranar da za ka samu mutane a zaune su yi hira da kai. Ka fara gaida sarkin masunta kafin ka ciro kyamara, kuma kar ka ɗauki hoton mace tana aiki ba ka tambaye ta ba, za ka sha zagi da yaren da ba ka ji.

Kifin kuma da ya sauka ya bar hannun maza. Mata ne ke yanke farashi, suna da sarauniyarsu, su ke banda a irin murhun nan na Chorkor mai tire-tire na waya da ake jerawa bisa juna, su ke kai wa kasuwannin Swedru da Ankara har Kumasi, da yawansu ma su ne ke ba maza kuɗin man fita. Daga watan bakwai zuwa na tara ne kakar kifi, garin duk hayaƙi. Sai dai kifin ya ragu sosai ba kamar da ba, kowa kuka yake da manyan jiragen waje masu kwashe har 'ya'yan kifi, a 2019 gwamnati ta fara rufe wa masu kwale-kwale teku na wata guda wai kifi ya hayayyafa, ranar da aka ce an rufe ka ga gidajen da ko wuta ba a hurawa.

Abu ɗaya da sai ka yi haƙuri da shi, makoki. Daga daren Juma'a zuwa Lahadi an toshe layi an kafa rumfuna, ja da baƙi, in tsoho ne ya rasu fari, lasifika har cikin ƙwaƙwalwa, ana karanto sunan wanda ya ba da gudummawa da nawa ya bayar. Gawa sai ta yi wata biyu uku a firij ana shiri. Mu da muke binnewa a ranar abin yana ba su mamaki kamar yadda nasu ke ba mu. In maƙwabcinka ne ka je ka gaisa ka ba da abin da ya sawwaƙa ka tashi, su ma suna zuwa namu suna da sadakar bakwai.

Baba_Tica_Kumasi

Yaro barka da ƙoƙari. Ni tsohon malamin makaranta ne na yi ritaya, a Winneba aka horar da ni tun kafin a haɗa kwalejojin garin a mayar da su jami'a a 1992, cikakken matsayin jami'a kuma sai 2004. Bari in ƙara maka abin da yaran nan ba su faɗa ba.

Garin da za ka gani yanzu shiru-shiru, da tashar jiragen ruwa ce. Koko na yin cakulan na yankin Swedru da Akim ta nan ake fitar da shi, ba gada a teku sai dai manyan jirage su tsaya can nesa, masunta su loda buhuna a ƙananan jirage su keta igiyar ruwa su kai. Da aka buɗe tashar Tema a 1962 kamfanoni suka kwashe suka tafi, tsofaffin sito-sito da gidajen bene na 'yan kasuwa suna nan ta bakin ruwa gishiri na cin su. Makarantu ne suka riƙe garin bayan nan. Harabar jami'a ta kudu da ke kan tudu tana kallon teku, ita ce makarantar aƙida da Kwame Nkrumah ya kafa a 1961, 'yan gwagwarmayar neman 'yanci daga ƙasashen Afirka da dama sun zauna a ɗakunan nan, aka rufe ta bayan juyin mulkin 1966. Harabar tsakiya kuma gidan kiɗa ce tun tana makarantar kiɗa ta ƙasa, shi ya sa garin ya yi suna da mawaƙan coci da 'yan badujala, ƙungiyar Winneba Youth Choir da ake gayyata manyan tarukan gwamnati ta nan ce, tun 1989. Kwalejin wasanni ta ƙasa ma tana garin.

Tunda zane ne aikinka, ka nemi tutocin asafo. Yadi ne ake yanka siffofi a ɗinka a kan wani yadi, gaba da baya iri ɗaya, kowace tuta karin magana ce ko gori ga abokan hamayya, za ka ga kada da tsuntsu, ko mutum ya riƙe ma'auni, ko ƙaton dodo mai kai da yawa. A kusurwar tsofaffin akwai tutar Ingila, waɗanda aka ɗinka bayan 1957 kuma tutar Gana, da wannan kaɗai za ka iya raba zamaninsu. A da sabuwar tuta sai an nuna wa sarki da sauran runduna an amince, domin an sha zubar da jini a garuruwan Fanti a kan hoton da wata runduna ta ga zagi ne gare ta. Yau dillalai sun kwashe tsofaffin da yawa suna gidajen tarihi na Turai da Amurka, masu ɗinkin kuma sun koma yi wa 'yan yawon buɗe ido. In ka samu hutu ka hau mota zuwa Mankessim da Anomabo da Elmina ka ga posuban, gine-ginen siminti na asafo masu hawa-hawa da mutum-mutumi, na Anomabo akwai wanda aka yi shi siffar jirgin yaƙi sukutum.

Game da tsoron mahaifiyarka, ka gaya mata Hausawa ba baƙi ba ne a gaɓar nan. Kakanninmu fataken goro da dabbobi da sojojin Hausa da Ingilishi ya ɗauka tun shekarun 1870 su suka kafa zangunan bakin teku, jikokinsu na nan da sallarsu da makarantun allonsu. Su ma masu garin ba kansu haɗe yake a kan bikin ba, akwai coci-coci da ke hana mabiyansu zuwa, kuma rigimar sarauta tsakanin gidan Ghartey da gidan Ayirebi-Acquah ta sha dagula shi har sai an jibge 'yan sanda. In ka ji ana wannan gardamar a tasi ko a shago, kai ɗan makaranta ne, kar ka sa baki.

Ɗan_Nima

Allah Ya ƙara girma Baba, wlh ni na yi shekaru a harabar kudu ina wuce gine-ginen nan kawai. Malam Abu Sumayya kuma, maganarka a kan yanka gaskiya ce ba wanda ya musa, ni ma ban taɓa zuwa wajen gunkin ran Lahadi ba kuma ba zan je ba. Amma a ce mutum ya kulle kansa a ɗaki ko ya bar gari, ni a nan muka rabu. Mu a Gana gida ɗaya muke haya da mutanen nan, famfo ɗaya, mita ɗaya, Limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu da kansa ya shiga cocin Katolika a Ankara a 2019 lokacin cikarsa shekara 100 don gaisuwa da zumunci, bai fasa zama limami ba. Wanda aka tura ya karanci zane a gari kuma ya ƙi kallon abin da mutanen garin ke yi da hannunsu, to me ya je yi?

Abu_Sumayya

Ziyarar maƙwabtaka daban, halartar bikin da aka gina kan yanka wa gunki daban, kar mu cakuɗa. Jiragen ruwa da teloli da na ran 1 ga Janairu da Maman Hanifa ta faɗa ni ban ce komai a kansu ba, illa ya kiyaye lokacin salla da cakuɗuwa da mata da masu shaye-shaye domin irin wannan taro ba ya rasa su. Na Mayu ne na ce a'a kuma ina nan a kan bakana. Shi dai ya tambayi malamin da ya yarda da shi kafin lokacin.

Mai_Zane_Zariya

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya duka, da aka zo wajen koko da ƙosai da sadakar bakwai sai da ta yi dariya, tace to a haɗa ta da Maman Hanifa, Anti zan turo miki saƙo ta inbox in ba damuwa. Malam Abu Sumayya na ji kuma zan tambaya. Baba maganar fentin jirage da tutoci ta shiga raina sosai, ina ganin a nan zan nemi abin da zan rubuta bincikena a kai, musamman masu fentin, in ji wa ya koya musu kuma wa ke zaɓar abin da za a rubuta, mai jirgi ko mai fenti. Tambaya ta ƙarshe, ɗaki fa? In nemi hostel ko haya a gari, kuma me zan taho da shi daga gida?

Maman_Hanifa

Turo ƙanina ba komai, bayan isha'i na fi samun sarari. Ɗaki in dai binciken masunta za ka yi gara haya a cikin gari ta wajen zango, ka fi kusa da masallaci da bakin ruwa, tasi kuma na zirga-zirga tsakanin harabobin uku duk yini. Sai dai ka shirya kuɗi, masu gida na neman na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule duk da doka wata shida ta ce, kuma kar ka tura wa kowa ko sidi ɗaya sai ka ga ɗakin da idonka ka buɗe famfo ka ga ruwa. Ka taho da katin rigakafin cutar shawara saboda boda, da yajinka da kuka da daddawa da kilishi. Takardun zanenka da fenti ka samo musu akwatin roba mai murfi, iskar teku danshi ne da gishiri, takarda na yin fumfuna ƙarfe na tsatsa, kwamfutarka ma kar ka riƙa barinta a bakin taga. Manyan riguna masu nauyi bar su a gida sai ɗaya ta Idi. Kuma dan Allah kar ka ga yaran masunta na wasa a ruwa ka ce za ka gwada, tekun wajen yana ja ta ƙasa, ɗalibai baƙi ne yake yawan ɗauka, ka tsaya iya idon sawu.